Me ya sa tagar manhajarka ba ta zama a tsakiyar allo?

Kuskuren da na fi gani wajen masu koyon Tkinter, kayan aikin gina tagogin manhaja a Python, shi ne gaggawa. Mutum zai ƙirƙiri taga, nan take ya nemi faɗinta da winfo_width(), ya yi lissafin tsakiya, sai ya ga ta karkace can dama ta ƙasa. Dalili kuwa, kafin a zana taga, amsar da za ka samu 1 ce, ba faɗinta na gaskiya ba. Ka kira update_idletasks() tukuna, sannan ka auna. Masu Java Swing, takwaran Tkinter a Java, su ma a ramin nan suke faɗawa: in setLocationRelativeTo(null) ya riga pack(), kusurwar taga ce za ta zauna a tsakiya, ba tagar ba.

Lissafin ba wuya: faɗin allo, a cire faɗin taga, a raba biyu. Amma a Python 3, alamar / za ta ba ka lamba irin 433.0, kuma geometry(), wadda ke saita girma da wurin taga, ba ta karɓar lamba mai ɗigo. Yi amfani da //. Ka kuma tuna sifili yana kusurwar hagu ta sama, y kuwa ƙasa take ƙaruwa, saɓanin abin da aka koya mana a darasin lissafi.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne rubuta lambobi da ka. Kai allonka 1920 da 1080 ne, ka sa taga inda ta yi maka kyau. Wanda zai yi aiki da ita kuma tsohuwar laftof gare shi mai 1366 da 768, maɓallin ajiyewa ya shige ƙasa, ba ya ganinsa balle ya danna. Tambayi allon da winfo_screenwidth() da winfo_screenheight(), ka bar wa sandar ƙasa ta Windows wurinta.

Sai batun allo biyu. Manhaja ta adana inda aka rufe taga, aka cire allo na biyun, gobe a buɗe ta tana aiki amma babu ita a ido. Kafin ka mayar da taga tsohon mazauninta, duba ko wurin yana nan. In babu, kawo ta tsakiya. Kada kuma ka ɗauki lambar da ke ƙasa da sifili a matsayin kuskure, allon da ke hagu da babban allo haka lambobinsa suke.

A Linux mai Wayland, wato tsarin da ke nuna tagogi a allo, manhajar da ke aiki kai tsaye da shi ba ta da ikon zaɓar wa tagarta wuri, GTK 4, wani kayan gina tagogi, ma ya cire gtk_window_move(). In can kake rubutu, daidaita girman taga kawai, ka bar wa tsarin zaɓen wuri.