Yadda ake kwatanta dabbar ƙasan teku da itacen kan dutse

Idan malami ya ce wa ɗalibai su kwatanta wel, babbar dabbar teku, da gajeren itacen kan dutse, yawanci sai su tsaya ga siffa: wannan babba, wancan ƙarami. Aikin bai kai ko'ina ba ke nan. Abin kwatantawa shi ne wahalar wurin zama da dabarar jure mata.

Da farko zaɓi halittu biyu takamaimai. Ɗauki wel mai dogon baki, Ziphius cavirostris, wanda ba kasafai ake ganinsa ba, da itacen Erica arborea na tsaunukan Bale da Simiyan a Habasha. Ka tuna wa ɗalibai cewa wel ba kifi ba ne, haihuwa yake yi ya shayar.

Na biyu, ja layi a tsakiyar allo, shi ne fuskar teku. A 2014 masana suka ba da rahoton wel ɗin da ya nutsa mita 2,992 a gaɓar Kalifoniya. Itacen kuwa yana tsirowa sama da mita 3,000. Ɗaya ƙasa, ɗaya sama, tazara kusan ɗaya.

Na uku, a nan za ka daɗe. Tambayi abin da ke neman kashe kowanne. A can ƙasa akwai duhu, ba iskar shaƙa, matsin ruwa kuma ya ninka na sarari kusan sau 300. Huhun wel yakan lotse, sai ya rayu da iskar da ya tara a jini da tsoka. An taɓa auna nutso guda na minti 222. Abinci kuma da amon sauti yake nemansa. A kan dutse rana ce mai ƙuna, dare kuma sanyi har ruwa ya daskare, ga gobarar da makiyaya ke sawa. Shi ya sa ganyen Erica ƙanana ne kamar allura, ba sa saurin zubar da ruwa, kuma itacen yana da kauri a gindi, inda yake sake tohowa bayan wuta ta ci shi.

Daga nan sai haihuwa: wel ɗa ɗaya, itace ƙananan iri barjat.

A ƙarshe ka sa kowane ɗalibi ya rubuta abin da zai fi saurin hallaka kowanne. Ga wel, ƙarar na'urar jiragen yaƙin ruwa, wadda aka danganta da mutuwarsu a tsibiran Kanari, yamma da gaɓar Maroko, a 2002. Ga itace, yawan ƙona daji da saran itacen girki.