Yadda ake sarrafa fitilun LED ƙwai-ƙwai da Raspberry Pi

Masu adon wurin biki da masu allon shago a Katsina sun saba da zaren fitila mai rimot, wanda duk tsawonsa launi guda yake bayarwa. Wanda za mu haɗa daban ne. Sunansa WS2812B, kowane ƙwai da 'yar ƙwaƙwalwarsa a ciki, kana iya sa na farko ya yi ja, na biyu kore, na hamsin ya mutu. Da Raspberry Pi, wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai allo guda, za mu sarrafa shi. An ɗauka ka riga ka ɗora manhajarta, Raspberry Pi OS, a memori kuma ka iya buɗe tagar umarni.

Kafin ka biya kuɗi, duba bakin zaren. Tagulla uku za ka gani: 5V (wuta), DIN (mashigar saƙo) da GND (ƙasa, wato negetib). In huɗu ne masu R, G, B, mayar wa mai shago kayansa, wannan na rimot ne. WS2811 mai bolt 12 kuma uku-uku yake kunna ƙwai, shi ma ba shi muke nema ba. Allon Pi ɗin ya zama Pi 3, Pi 4 ko Zero 2 W. Pi 5 ta canza yadda take sarrafa filolinta, hanyar da ke ƙasa ba ta aiki a kanta kai tsaye. Sauran kayan: adaftar bolt 5 mai ƙarfi, rezista mai om 330 zuwa 470, kafasita 1000µF, da 74AHCT125, 'yar na'ura mai ɗaga bolt ɗin saƙon Pi. In ba a samu na ƙarshen a cikin gari ba, ka ba mai zuwa Sabon Gari a Kano saƙo, ya sayo biyu.

Lissafin wuta

A nan gizo ke saƙa. Yawancin masu cewa kod ɗinsu ya ƙi aiki, kod ɗin lafiyarsa lau, wuta ce ba ta ishi zaren ba.

Ƙwai guda idan ya yi fari tas yana jan kusan miliamfiya 60, wato 20 ga kowane launi. Zare mai ƙwai 60 a mita ɗaya amfiya 3.6 ke nan. Nadin mita biyar ƙwai 300 ne, amfiya 18, wat 90. Cajar waya mai amfiya 2 ba ta ma kama ƙafar wannan ba, balle fil ɗin 5V na jikin Pi. Wanda ya rataya zare a wannan fil ɗin zai ga ƙwai goma sun kama, ya yi murna, ya ƙara zuwa sittin, sai Pi ta mutu ta sake tashi da kanta. Ta yi haka sau biyu sau uku memori ya lalace. Saboda haka zaren da adaftarsa, Pi da cajarta. Adaftar da za ka saya mai akwatin ƙarfe ce mai huji-huji, 5V 10A ga mita biyu, 20A ga mita biyar. Waɗanda ake rubuta musu 10A amma ba su fi kwalin ashana nauyi ba, araha ba ta ado. Sa mitar gwaji a bakinta ka ga bolt 5 da idonka kafin zaren ya taɓa ta, don akwai mai bolt 12 da kamarsu ɗaya, kuma daƙiƙa guda ta isa ta ƙone ƙwai 300.

To tunda wutar ta rabu gida biyu, dole a haɗa GND ɗinsu. Waya guda daga fil na 6 na Pi zuwa negetib ɗin adafta. Wannan 'yar wayar ita aka fi mantawa. Saƙon da Pi ke aikawa hawa da saukar wuta ne, sau 800,000 a daƙiƙa, kuma zaren ba zai gane hawa daga sauka ba sai yana da ƙasa ɗaya da Pi da zai auna da ita. In babu, sai ka ga launuka suna wal-wal kamar walƙiyar damina, wani ƙwai ya kama wani ya ƙi, ka taɓa waya da yatsa abin ya canza. Duk wanda ya ga haka ya bar kwamfuta ya duba GND. Amma GND kaɗai za a haɗa. Kar 5V na adafta ya haɗu da 5V na Pi muddin tana kan cajarta.

Kafasita tana zama a bakin zaren, tsakanin 5V da GND, ƙafar da ke gefen ratsin ita ce ta negetib. Ka juya ta, ta kumbura ko ta fashe. Aikinta shanye bugun farko idan an kawo wuta, wanda a garin nan ba sau ɗaya ake yi a yini ba.

Idan zaren ya wuce mita biyu, fari zai fara komawa ruwan ɗorawa, can ƙarshe ma ja-ja. Tagullar jikinsa siririya ce, wutar tana raguwa a hanya, shuɗi ne kuma yake fara gajiya. Maganin shi ne a ja waya mai kauri daga adafta zuwa ɗaya ƙarshen, in mita biyar ne har da tsakiya. Wayoyin gwaji masu siririn gashi ba sa ɗaukar amfiya 10, zafi za su yi su narke.

Wayar saƙo

Bi kibiyar da ke jikin zaren. Saƙo daga DIN yake shiga, in ka shigar ta DO, wato mafitarsa, ko ƙwai ɗaya ba zai kama ba. A Pi GPIO18 ake amfani da shi, wanda shi ne fil na 12 idan ka ƙirga. Kar ka ƙirga zuwa na 18.

Pi bolt 3.3 take fitarwa, zaren kuma kusan 3.5 yake so. Wani lokaci yana aiki a haka a kan tebur, a kai shi wurin kamu ya ba ka kunya. Shi ya sa ake sa 74AHCT125: ƙafa ta 14 zuwa 5V, ta 7 da ta 1 zuwa GND, ta 2 zuwa GPIO18, ta 3 ta bi ta rezista zuwa DIN. Rezistar kusa da zaren, wayar kuma gajera. A liƙa da dalma, ban da murɗawa a naɗe da salatif. Kullum cire wuta kafin ka taɓa haɗi.

Kod

Laburaren kod ɗin da za mu yi amfani da shi, rpi_ws281x, da ramin sauti na Pi abu ɗaya suke rabawa a ciki, dole sauti ya haƙura. Buɗe /boot/firmware/config.txt, ko /boot/config.txt a tsohon tsari, mayar da dtparam=audio=on zuwa off, ka sake kunna allon. Sannan:

python3 -m venv fitila
fitila/bin/pip install rpi_ws281x

Rubuta wannan a gwaji.py:

from rpi_ws281x import PixelStrip, Color
import time
zare = PixelStrip(60, 18, dma=10, brightness=40)
zare.begin()
for i in range(60):
    zare.setPixelColor(i, Color(255, 0, 0))
    zare.show()
    time.sleep(0.05)

Kunna da sudo fitila/bin/python gwaji.py. Ba sudo, ba aiki. Ja zai bi zaren ƙwai bayan ƙwai. Ka bar hasken a 40 cikin 255 tukuna. Da dare ya wadatar, wutar da yake ja kuma ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar ba. In ka ga dma=5 a tsohon misali, kar ka kwafa, yana iya ɓata memori. Babu abin da ke canzawa sai an kira show(). In ka nemi ja ka ga kore, jerin launukan zarenka ne daban, gyara da strip_type. Kuma tsayar da kod ba ya kashe fitilu, suna riƙe launin ƙarshe, sai ka aika musu Color(0, 0, 0).

Don ya tashi da kansa idan an dawo da wuta, sa layin @reboot mai cikakken adireshin fayil a sudo crontab -e. Gam ɗin bayan zaren ba ya jure zafin Afrilu, ɗora shi a kan sandar alminiyam ka ɗaure. Na waje ya zama mai hana ruwa shiga, IP65 ko IP67, saboda damina, adafta kuma a akwati mai shan iska, a riƙa busa mata ƙurar hunturu.