Babi na Shida: Littafin Barga da Shirin Kakar Sukuwa

Wannan babi na masu doki ne da yaran barga, da duk wanda cinsa da shansa ke rataye da doki. Kayan aikinmu: littafin rubutu mai layi, biro, abin ja layi, ma'aunin zafin jiki irin mai nuna lamba, da agogon waya. Wanda bai samu abin ja layi ba ya yi amfani da gefen kwali.

Bargar da za mu yi aiki da ita misali ce, irin ƙananan bargunan bayan garin Garwa na ƙasar Kamaru. Dawaki uku ne a cikinta, kuma da launinsu za mu riƙa kiran su. Bikili ingarma ne ɗan shekara 4, Hurde goɗiya ce 'yar shekara 3, su biyun dawakin Ingila ne masu tsantsar jinin gudu, waɗanda tun 1791 ake rubuta asalinsu a littafi guda a can ƙasarsu. Na ukun Akawal, ruwa biyu ne, uwarsa 'yar gida. Burin mai barga a bana ba shi da yawa. Yana son Bikili ya shiga tseren mita 1.600 (dubu ɗaya da ɗari shida) idan ƙasa ta bushe, Hurde ta gwada ƙafarta a mita 1.000, in Allah ya sa an dace a ƙetara da su Marwa ko Yola. Buri ne mai kyau. Sai dai dokin Ingila ba ya jure ƙasarmu kamar dokin gida. Zafi na kayar da shi, cizon ƙwaro na kayar da shi, kuma ba ya faɗa da baki. A littafi ake gane ya fara ciwo tun bai kwanta ba.

Darasi na 1: Shafin kowane doki

Buɗe littafin daga hannun dama zuwa hagu, yadda bangon gaba zai kwanta a hagunka. Rubutun boko daga hagu yake farawa. Waɗanda suka saba da allo sukan manta, ba laifi ba ne, a dai dawo hagu.

A can sama rubuta sunan doki da manyan baƙaƙe: BIKILI. Doki ɗaya, shafi ɗaya. Kada ka cusa Hurde a shafin Bikili don tsimin takarda.

Ja layi huɗu daga sama zuwa ƙasa. Yanzu kana da gida biyar. Ƙirga su da yatsa. A kan gida na farko rubuta Rana, na biyu Zafi, na uku Bugu, na huɗu Abinci, na biyar Bayani. Wajen rubuta rana, ranar wata ce farko, sannan wata. Uku ga Nuwamba ita ce 3/11. Nuwamba wata na 11 ne.

Darasi na 2: Awon zafin jiki

A nan za mu daɗe, don a nan ne kusan kowa ke tuntuɓe.

Da asuba ake awo, kafin abinci, kafin kilisa. Dokin da ya dawo daga gudu jikinsa da zafi ko lafiyarsa ƙalau, lambar da za ka samu a lokacin ba ta gaya maka komai. Sa wani ya riƙe ragama. Kai kuma tsaya a gefen cinyar dokin, jikinka dab da nasa. Kada ka tsaya daidai bayansa, ko da kai ka raine shi tun yana dukushi. Danna maɓallin ma'auni. Shafa ɗan man basilin a bakinsa. Ɗaga wutsiya gefe da hannu ɗaya, sa bakin ma'aunin cikin dubura a hankali, ka jingina shi da gefe don kada ya shige cikin kashi. Kada ka sake shi. Jira sai ya yi ƙara. Zare, goge, duba.

Za ka ga lamba uku. Biyu a hagu, sai ɗan ɗigo ƙarami a ƙasa, sai lamba ɗaya a dama. Misali:

37.8

Karanta da ƙarfi: talatin da bakwai, ɗigo, takwas. Sake faɗa. Talatin da bakwai, ɗigo, takwas. Ba ɗari uku da saba'in da takwas ba ne. Dokin da ya kai wannan zafin ai ya zama gasasshe.

Ɗigon nan yana raba cikakken digiri da ɓarinsa. Ka ɗauka kamar mudu ne: abin da ke hagu cikakkun mudu ne, abin da ke dama ɗan ragowar da bai cika mudu ba. Ragowar nan daga 0 take tashi ta tsaya a 9. Bayan 37.9 sai 38.0. Babu 37.10.

Likitan dabbobi da ya yi karatun Faransanci zai rubuta waƙafi a wurin ɗigo: 37,8. Abu ɗaya ne. Ma'auni na nuna ɗigo, likita na sa waƙafi, zafin bai canja ba. A littafinka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa. Mu a aji waƙafi za mu riƙa sa wa, don ya fi fitowa a takarda, ɗigon biro yakan ɓace.

Kwafi waɗannan, kowanne sau uku, kana faɗa da baki:

37,5
37,9
38,0
38,5
39,2

Yanzu duba abin da ka rubuta. Lamba biyu, waƙafi, lamba ɗaya. Ɗora yatsa a kan waƙafin. Akwai shi? Madalla. In babu, sa shi yanzu. Hannun da ya iya ɗaure majayi a kan dokin da ke harbi ba zai gagara sa waƙafi ba, sabo ne kawai, kuma yana zuwa.

Babban doki mai lafiya, yana hutawa, zafinsa na tsakanin 37,5 da 38,5. Haddace waɗannan biyun. In ya wuce 38,5 ba a ɗora masa sirdi a ranar, a sake aunawa bayan awa ɗaya. In ya kai 39,0 ko ya haura, a kira likita, ba a jiran gobe.

Ga inda ake yawan faɗuwa. Mutum ya ga 38,5 a ma'auni, kafin ya kai ga littafi ya rubuta 35,8. Lambobin duka suna nan, amma sun yi musayar wuri. Wani dattijo a ajinmu ya taɓa cewa, "Malam, ai duk su ne, uku da biyar da takwas." Na ce, Baba, su ne, amma da za a biya ka sefa 358 a maimakon 385 ai ba za ka yarda ba. Ya yi dariya, bai ƙara juya su ba. Maganin abin shi ne littafin ya kasance a hannunka a cikin barga. Kada ka kashe ma'auni sai ka gama rubutu. Duba lamba ta farko, rubuta. Duba ta biyu, rubuta. Sa waƙafi. Duba ta ƙarshe, rubuta. Sannan ka kwatanta na takarda da na ma'auni.

Wace ta fi zafi, 38,9 ko 39,1? Da yawa sukan ce 38,9 saboda sun ga 9 a ƙarshe. A'a. Hagu ake fara dubawa. 39 ta fi 38, magana ta ƙare. Sai in na hagu sun zo ɗaya ake duba na dama: 38,7 ta fi 38,2.

Gwada: 37,9 ko 38,1? 38,6 ko 38,4? 39,0 ko 38,8? Zagaye wadda ta fi. Hagu tukuna.

Abin da ya sa nake nanata wannan shi ne cututtukan da ke kashe dokin Ingila a ƙasar nan da zazzaɓi suke sallama. Akwai annobar dawaki da wasu ƙananan ƙwari, waɗanda ba su kai sauro girma ba, ke yaɗawa da cizo daga faɗuwar rana zuwa wayewar gari, musamman a ƙarshen damina da wuraren da ke kusa da ruwa kamar bakin Binuwai. Zafi ya haura 40, kwarmin saman ido ya kumbura, numfashi ya yi wuya, wani lokaci kumfa ta fito ta hanci. Ba ta da magani sai rigakafi, kuma a dawakin da aka kawo daga waje tana iya kashe tara cikin goma. Akwai sammore da tsando ke kawowa, akwai ciwon kaska mai sa dadashi da farin ido su koma rawaya. Kafin ido ya ga ɗaya daga cikin alamun nan, ma'auni ya riga ya gani. Likita na iya ɗibar jini a kai LANAVET, ɗakin gwajin cututtukan dabbobi da ke Bokle, kusa da Garwa, amma tambayar farko da zai yi maka ita ce yaushe zafin ya fara, kuma nawa ne.

Ga shafin Bikili na kwana huɗu, misali:

3/11 — 37,8
4/11 — 37,9
5/11 — 38,4
6/11 — 39,1

A wace rana ya kamata yaron barga ya fara sa ido? Ranar 5/11. Lambar ba ta wuce iyaka ba, amma ta bar inda Bikili ya saba tsayawa. Kowane doki da lambarsa, sai ka yi mako biyu kana rubutawa za ka san ta.

To, bari in faɗi wata magana, wanda ta taɓa ya yi haƙuri. Ina ganin littattafan da aka cika layin mako guda da biro ɗaya, a zama ɗaya, 38,0 daga sama har ƙasa. Wa ake ruɗi? Ni dai ba ni da doki. Kai ne za ka tsaya gaban Alhaji ka yi bayanin yadda aka yi dokin da ya sayar da shanu ya saya ya yi sukuwa da zazzaɓi a jikinsa. Ranar da ba ka auna ba, ja ɗan layi a gidan, ka bar shi haka. Kuma masu zuwa aji ba littafi suna cewa "yana kaina", ku daina. Kan da ya manta waƙafi jiya ba zai riƙe lambar makon jiya ba.

Kafin mu wuce, sake rubuta 38,5. Lamba biyu, waƙafi, lamba ɗaya. Faɗa da baki.

Darasi na 3: Bugun jini

Sa yatsu biyu, manuni da na tsakiya, a ƙarƙashin ƙashin muƙamuƙi ta ciki. Za ka ji wata jijiya kamar igiya tana motsi ƙarƙashin fata. Danna kaɗan. Banda babban yatsa, shi ma yana da nasa bugun. Wani ya duba agogon waya, kai ka ƙirga na daƙiƙa 15, wato kwatan minti. Abin da ka samu ka ninka sau huɗu. Ka samu 9? 9 da 9, 18. 18 da 18, 36. Rubuta 36 a gidan Bugu. A nan babu waƙafi.

Doki mai hutawa yana bugu 28 zuwa 44 a minti. In ya kai 60 ba tare da ya yi gudu ba, yana waiwayen cikinsa, yana tonon ƙasa ko birgima, ciwon ciki ne. Ɗauke abinci, kira likita.

Ninka waɗannan sau huɗu: 8, 10, 11, 15.

Darasi na 4: Abinci da ruwa

Doki mai nauyin kilo 450 yana cin kamar kilo 9 zuwa 11 a rana, kuma fiye da rabi ya zama ciyawa da harawa. Dawa, gero da dusa a raba su sau uku, kada ci ɗaya ya wuce kilo 2. Auna mudunka a sikeli sau ɗaya, rubuta nauyinsa a bayan littafi, don mudun dusa bai kai mudun dawa nauyi ba. Harawar da ta yi fumfuna a zubar. In za a canja abinci, a bi a hankali cikin kwana 7 zuwa 10. Masu ƙara wa doki hatsi ana jibi tsere wai don ya yi ƙarfi, ciwon ciki suke saya masa.

Ruwa lita 30 zuwa 50 a rana, a zafin Maris da Afrilu fiye da haka. Ƙirga bokiti, rubuta. A gidan Abinci rubuta "ya cinye" ko "ya rage".

Darasi na 5: Kuɗi

Keɓe shafin ƙarshe. A baki muna cewa dala, a takarda sefa ake rubutawa. Dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin 100, jaka ɗaya 1.000. Ɗigon da ke cikin 1.000 na dubu ne, lamba uku ke bin sa. Na zafin jiki lamba ɗaya ke bin sa. Kada a haɗa su.

Rubuta abin da ka kashe wannan mako: harawa, hatsi, kanwa, gyaran kofato, kuɗin mahayi. Tara su.

Darasi na 6: Makon tsere

A takardar tsere nemi abu uku: rana, nisa, sunan dokinka. 1.600 m mita dubu ɗaya da ɗari shida ne. Kwafi su a gidan Bayani.

Auna zafi da asubar ranar, da kuma bayan an sauke doki daga mota in an yi tafiya. In Bikili ya nuna 38,7, ba ya gudu, ko an riga an biya kuɗin shiga. Sai a duba Hurde.

Aikin gida: awon zafi na kwana bakwai, doki ɗaya. A zo da littafi da ma'auni ranar aji, kuma a wanke ma'aunin da sabulu kafin a kawo shi.