Yadda Ake Rage Zugin Ƙafa ga Mai Ciwon Suga

Da dare abin ya fi tashi. Tafin ƙafa ya riƙa raɗaɗi kamar an shafa barkono, ko a ji suka kamar ta allura, wani ma ko mayafi ya taɓa shi sai ya zabura. Sugan da ya daɗe yana hawa ne ya lalata ƙananan jijiyoyi, kuma yawanci daga yatsun ƙafa yake farawa.

Fara da sugan kansa. Nemi gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda suganka ya kasance cikin wata 2 zuwa 3. Ga yawancin manya ana so ya sauko kusa da kashi 7 cikin 100. Jijiyar da ta riga ta lalace ba ta cika dawowa ba, amma saukar suga na rage saurin ɓarnar.

Sai magani. Paracetamol da ibuprofen ba su cika taɓa irin wannan zugin ba, kada ka yi ta ɗirkarsu. Likita kan rubuta amitriptyline, duloxetine, pregabalin ko gabapentin, a fara da kaɗan, kuma sai an yi makonni ake ganin amfaninsu. Suna iya kawo jiri da gyangyaɗi. Tiramol ɗin kemis kuwa, kar ma ka soma. Idan ka daɗe kana shan maganin suga na metformin, a duba maka bitamin B12, domin ƙarancinsa ma yana taɓa jijiya.

Inda aka fi yin sakaci shi ne ƙafar, alhali lalacewar jijiya kan sa ta daina ji, a ji ciwo ba a sani ba. Kullum kafin ka kwanta ka duba ta, har tsakanin yatsu. In tafin ba ya ganuwa, ajiye madubi a ƙasa. Ruwan wanka ka gwada shi da gwiwar hannu, don ƙafar da ta daina ji ba za ta gaya maka ya yi zafi ba. Da hunturu kada ka miƙa ta bakin kaskon wuta, haka ake kwana da ƙuna ba a sani ba. Bayan alwala ka tsane tsakanin yatsu, ka shafa mai a kaushi, amma ban da tsakanin yatsun. Zazzage takalmi kafin ka sa, kuma ko tsakar gida kada ka taka ba takalmi.

Yi tattaki na minti 30 a yawancin ranaku, ka bar taba. Ka ga miki, kumburi ko yatsa ya fara baƙi, ranar nan ka tafi asibiti, ko da ba ya ciwo.