Darasi na 9: Kai matashi asibitin haƙori na gwamnati

Toh ɗalibai, yau kan haƙori za mu zauna, musamman na yaran nan 'yan shekara 12 zuwa 18 da muke ganin sun girma ba ma leƙa bakinsu. Ku fara riƙe lissafin nan: haƙoran nono 20 ne, na girma 32. Na nono in ya faɗi wani zai fito, na girma kuwa in ya tafi shikenan. Akwai wani na taunawa da yake fitowa can baya tun yaro yana wajen shekara 6, ba ya ture kowane haƙori kafin ya fito shi yasa iyaye da yawa suke ɗauka na nono ne, sai ya yi kogo a ce a bar shi ai zai famfare, alhali shi ne yaron zai ci tuwo da shi har tsufa.

Ni na ga wannan da idona a gidan maƙociyata. Ɗanta ɗan aji uku a sakandare ya yi wata da watanni yana tauna da gefe ɗaya, in ya sha ruwan sanyi sai ya dafe kunci, ita kuma kullum kemis, yau a ba shi maganin ciwo gobe a tura kanumfari a ramin, har wani ya ce a ɗora masa asfirin a wajen, ƙwayar ta ƙona masa dasashi ya yi fari fat. Ranar da kuncin ya kumbura har ido ya fara rufewa muka ɗauke shi sai asibiti. Likitar ta duba ta ce, “Mama, da kin kawo shi tun yana jin sanyin ruwan nan cikewa kawai za mu yi, yanzu kam sai cirewa.” Uwar ta ce wallahi ita ta ɗauka asibitin haƙori na masu kuɗi ne. Maganar nan ta tsaya min a rai, don ba ita kaɗai ba ce mai wannan zaton.

Gwamnati tana da sashen haƙori a manyan asibitocinta. Akwai a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai a na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri, haka manyan asibitocin jiha da yawa suna da shi. Ba kyauta ba ne, kar in yaudare ku, za a yanki kati kuma a biya kuɗin aiki, amma da yake gwamnati ke biyan albashin likitocin ita ta sayi kujerar da injinan, kuɗin bai kai na asibitin kuɗi ba. Wahalarsa layi ne. Ku yi sammako, yaron ya karya kafin ku fito, in yana da sikila ko ciwon suga ko yana shan wani magani ku faɗa wa likita kafin a taɓa shi. Wanda bai kai 18 ba a je da babba, don sai babba ya amince za a yi masa aiki.

Sai maganar inshora. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta mayar da NHIS, wato tsarin inshorar lafiya na ƙasa, zuwa hukumar NHIA. Ma'aikacin gwamnatin tarayya tsarin yana ɗaukar shi da matarsa da 'ya'yansa 4 waɗanda ba su kai shekara 18 ba, magani kuma kashi 10 cikin 100 ake biya. Aikin haƙori na yau da kullum kamar dubawa da wankewa da cike kogo da cirewa yana ciki, na kwalliya irin su ƙara wa haƙori fari babu. Amma ba kai tsaye za ku tafi sashen haƙori ba, sai kun fara zuwa asibitin da kuka yi rajista su ba ku takardar turawa. Abin da nake so ku kula shi ne shekara 18 ɗin nan, yaro yana cika ta ya fita daga katin uba, don haka in kana da ɗan 16 ko 17 kai shi a duba bakin yanzu tun katin yana aiki. In ya shiga jami'a ko kwaleji akwai nasu tsarin na ɗalibai, TISHIP. Jihohi ma suna da nasu, KSCHMA a Kano, KADCHMA a Kaduna, mai sana'ar hannu zai iya shiga, sai dai abin da kowace ke biya ya bambanta, ku tambaya a ofishinsu a rubuta muku.

Akwai inda aikin yake kyauta gaba ɗaya. Cutar noma, ba noman gona ba, wata cuta ce da take farawa da gyambo a dasashi ta ci kunci da leɓe cikin kwanaki, ta fi kama ƙananan yara masu tamowa. A Sakkwato akwai asibiti nata na musamman tun 1999, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF tana taimaka musu tun 2014. Matasa da manya da suka tsira da tabon a fuska har yanzu ana yi musu tiyatar gyara kyauta a can, dan Allah in kun san wanda aka ɓoye a ɗaki saboda kunya ku faɗa wa iyayensa.

In kun zauna gaban likita kar ku ce “a cire kawai” don kun gaji da kukan dare. Ku tambaya, “Likita, za a iya ceto shi? Nawa ne cikewa, nawa ne cirewa?” In kuma yaro ya faɗi a ƙwallo ko a mashin haƙorin girma ya fita ɗungurungum, a ɗauke shi ta kansa banda saiwar, kar a kankare, a jefa shi cikin madara a garzaya asibiti cikin awa ɗaya, ana iya mayar da shi.

Aikin gida: yau da rana ku kira yaronku waje inda akwai haske ya buɗe baki, ku duba haƙoran baya sama da ƙasa. Ku rubuta a littafinku shekarunsa, da haƙori nawa kuka ga yana da baƙi ko rami, da sunan asibitin gwamnati mafi kusa da ku. Ku zo da shi aji mai zuwa mu karanta tare.