Darasi na 9: Wanke Ƙasan Jirgin Ruwa Ba Tare da Ɓata Kogi Ba

Duk mai jirgin da ke ɗaukar mutane yawon shan iska a kogin Yamai, daga Gadar Kennedy zuwa Bubon, ya san wannan matsala. In jirgi ya daɗe a tsaye cikin ruwa, sai yauƙi ya fara kama ƙasansa. Bayan yauƙi sai gansakuka, daga nan ƙananan katantanwa su zo su manne. Jirgi ya yi nauyi, gudu ya ragu, inji ya riƙa shan mai fiye da ƙima.

A bakin teku, kamar Kwatano da Lome, abin ya fi muni, don akwai wasu halittu masu ɓawo mai tauri da ke liƙewa kamar siminti. Su ba sa rayuwa a ruwan daɗi irin namu. Don maganinsu aka daɗe ana shafa wa jirage fenti mai guba da ake kira TBT. Gubar ta riƙa narkewa cikin ruwa, ta lalata kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo da ake ci, a gaɓar Faransa, har ƙasar ta hana shafa ta ga ƙananan jirage a 1982. A 2001 aka ƙulla yarjejeniyar duniya da ta haramta ta, ta fara aiki a 2008. Fentin da ya maye gurbinsa galibi yana da tagulla, ita ma in ta taru tana cutar da kifi.

Mu a nan, abin da ya fi damun mu shi ne baƙin man inji da wasu ke shafa wa katako. Don Allah a daina. Wannan kogin ne ake tacewa a Gudel mu sha, a cikinsa Sarkawa ke kamun kifin da muke ci, da shi masu lambu ke ban ruwa.

To, me za a yi?

Ka riƙa wanke ƙasan jirgi tun yauƙi na da laushi, kamar sau ɗaya a mako. Soso da buroshi mai taushi sun isa, ba sai da omo ba. Wanda ya bari gansakuka ta yi kauri, sai da ƙarfen kankara, shi kuma yana cin fenti da katako.

Jirgin da ba zai yi aiki ba, a jawo shi tudu a kife. Rana na kashe duk abin da ya manne. Amma a kula: na ƙarfe da na roba suna jure rana, na katako kuwa in ya bushe da yawa sai allunan su tsuke, ya dawo yana yoyo. Kwana biyu ko uku sun ishe shi, sannan a maida shi ruwa.

In za a kankare tsohon fenti, a yi nesa da gaɓa, a shimfiɗa tamfol a ƙasa, a tattara garin a cikin gwangwani. Mai kankara ya rufe hanci da baki. Akwai kuma sabon fenti mai santsi na silikon, ba shi da guba, datti ne kawai ke kasa kama shi. Yana da tsada.

A guji daɗewa a tsaye cikin ruwa mara gudu lokacin wanki, don wasu katantanwa na ɗauke da tsargiya.

Tambayoyi
1. Me ke fara kama ƙasan jirgi?
2. Me ya sa ba a barin jirgin katako ya daɗe a rana?
3. Ina ake kankare tsohon fenti?