Yadda Ake Ɗinka Takunkumin Fuska da Hular Kariya a Gida

A ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da ɓullar cutar korona a Najeriya, a Legas, kafin ta iso Kano a watan Afrilu. Ba a daɗe ba takunkumin asibiti ya yi wuyar samu, kuɗinsa kuma ya yi tashin gwauron zabi. Teloli ne suka rufa wa jama'a asiri. Sai dai da yawa daga abin da aka ɗinka a lokacin ado ne kawai: falle ɗaya na ragowar atamfa, gefe da gefe a wangale, iska na shiga tana fita yadda ta ga dama. Duk mai son ɗinka wa iyalinsa takunkumi ya sani cewa amfaninsa yana wuri biyu, wato irin yadin da aka zaɓa da yadda ya kama fuska.

Zaɓen yadi

A watan Yunin 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi falle uku. Na ciki, wanda ke taɓa baki da hanci, ya zama auduga, don ta tsotse laimar numfashi. Na waje ya zama mai haɗin foliyesta, wanda ruwa ba ya saurin ratsawa. Na tsakiya shi ne matata, kuma an fi son irin ƙyallen nan da ba saƙa shi aka yi ba, wanda ake yin jakunkunan rabon biki da shi. Ku nemi sabuwar jaka wadda ba a manna mata leda ba, ku kara ta a baki ku ja numfashi. In iska ba ta wucewa, ku bar ta, ku sa wani fallen auduga a madadinta.

Kafin ku sa almakashi, ku ɗaga yadin saitin rana. In kuna hango haske ta ƙofofin saƙar sosai, ba zai tare komai ba. Leshi ba ya cikin lissafi, haka yadi mai talewa, domin da zarar an ja shi a fuska ƙofofinsa sun buɗe. Sabuwar atamfa kuma sai an wanke ta tukuna, sitati ya fita, in za ta tsuke ta tsuke tun yanzu, sannan a goge. Ni dai na fi son na ciki ya zama fari ko mai haske. Da kallo ɗaya za a gane ciki da waje, datti ma ba ya ɓuya a kansa.

Ɗinkin takunkumi

Na babba, ku yanka kowane falle faɗin inci 9, tsayi inci 7. Sai roba guda biyu, kowace inci 7, da siririyar waya mai rufin roba kamar inci 4, wadda aka lanƙwasa bakinta biyu don kada ta huda yadi.

Ku shimfiɗa fallen waje fuskarsa na kallon sama. Ku ɗora robobin a gajerun gefuna biyu, kowace bakinta ɗaya a kusurwar sama, ɗaya a ta ƙasa, cikinta na kwance a kan yadin. Nan ne masu koyo suka fi yin kuskure, su bar robar tana leƙowa waje, in an juya sai a tarar ta shige ciki. Ku kifa fallen ciki a kai, fuska da fuska, sannan ku ɗora matatar a can sama. Ku kama da fil.

Ku ɗinke kewaye, kuna barin kwatan inci daga baki, amma ku bar ƙofa ta inci 2 a ƙasa. A kowace kusurwa ku maimaita ɗinki sau biyu ko uku, don nan ne roba ke fara tsinkewa. Ku juya ta wannan ƙofa, ku fito da kusurwoyin, ku danne da dutsen guga mara zafi sosai, saboda matatar tana narkewa. Ku tura wayar ta ƙofar har ta kai tsakiyar bakin sama, ku ɗinke ƙarƙashinta da gefunanta yadda ba za ta yi yawo ba.

Saura tattara. Ku yi ninki uku, kowane kamar rabin inci, bakinsu duka na kallon ƙasa ta waje, don kada su zama aljihun tara ƙura. Gefen zai dawo kusan inci 3 da rabi. Ku bi kewaye da ɗinki, ƙofar nan ta rufe, ku ƙara bi ta gefunan. Wanda ba shi da keke, allura da zare sun isa, matuƙar zai yi ɗinkin ƙanana kuma kusa da kusa.

Mata masu hijabi, da duk wanda roba ke ci wa bayan kunne, gara su yi igiyoyi huɗu na yadi, kowace inci 18, a ɗaura a ƙeya. Wannan ma ya fi kama fuska.

Yanzu a gwada. Ya rufe daga karan hanci har ƙarƙashin haɓa, a matse wayar ta bi siffar hancin. Ku sa tafin hannu a gefen kumatu ku fitar da numfashi da ƙarfi. In kun ji iska na bugun hannunku, ku rage tsawon robar. Mai tabarau kuwa, in gilashinsa ya yi hazo, saman ne bai zauna ba.

Hula

Hula ba ta tare cutar da ake shaƙa. Aikinta ta tattare gashi ko kitso, ta rage kai hannu ka, musamman ga mai jinya ko mai dafa wa mutane abinci. Ɗinkinta ba wuya. Ku yanka da'ira mai faɗin inci 20, ko 22 in kitson mai yawa ne. Faifai babba ko murfin roba zai taimaka wajen zanawa da alli. Ku kalmashe bakin kewaye, ku bar hanyar rabin inci da 'yar ƙofa, ku zura roba da fil mai kulle. Tsawon robar ya gaza kewayen kai da kamar inci 3. Ku haɗa bakinta, ku rufe ƙofar.

Ga wata dabara da ma'aikatan jinya suka yi amfani da ita sosai a lokacin korona: a ɗinka maɓalli babba a kowane gefen hular, ɗan sama da bayan kunne, a riƙa maƙala robar takunkumin a nan. Wanda zai wuni da takunkumi zai gode muku.

Wanki da sawa

Kowa ya mallaki aƙalla biyu, kuma ba a aro, ko tsakanin mata da miji. In ya jiƙe da gumi ko numfashi, a canza. A cire shi ta roba, kada a taɓa gabansa, sannan a wanke hannu da sabulu. Kullum a wanke shi da sabulu da ruwan zafi. In da ruwan sanyi aka wanke, a tafasa shi na minti 1 bayan nan, a shanya a rana ya bushe ƙayau. Duk ranar da robar ta saki ko yadin ya fara sirancewa, a sake wani.

Don Allah kada a sa wa jariri ko yaron da bai kai shekara 2 ba, yana iya toshe masa numfashi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ce a tilasta wa 'yan shekara 5 zuwa ƙasa ba. Wanda ya riga ya kamu, da mai jinyarsa, da dattijon da ya kai shekara 60, da mai ciwon suga ko na zuciya, takunkumin asibiti ya kamata a nema musu. Na yadi sai in an rasa wancan.